Kalmar da Kawu Ya Ba da Aro

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma Kawu ya riga mu tafiya. Ya rasu da hantsin wata Laraba a ɗakinsa na cikin birnin Daura, bayan ya sha kunu ya yi ƙorafin tsamiya ta yi yawa. Bai yi wata doguwar jinya ba. Kafin a kira azahar an kai shi makwancinsa, an dawo ana karɓar gaisuwa.

Kowa da irin kukansa. Inna, wato mahaifiyata, ita ce ƙanwarsa ciki ɗaya, kuma nata kukan haɗe yake da faɗa, kamar yadda zamansu ya kasance tun suna yara. Tana share hawaye tana cewa, "Mutumin nan ko sallama bai tsaya ya yi mini ba. Haka yake, komai nasa sai ya yi shi shi kaɗai." Tsofaffin ma'aikatan asibiti da suka yi zamani tare suka jeru a ƙofar gida, suna ta maimaita cewa ba su taɓa ganin mai yawan wanke hannu irinsa ba. Limamin unguwa ya ce tun da ya san Kawu bai taɓa jin ya ɗauki maganar wani ya kai wa wani ba. A lokacin na ɗauka irin yabon da ake yi wa kowane mamaci ne.

Washegari wasu baƙi suka fara sauka, waɗanda ba wanda ya aika musu. Daga Sandamu, daga Zango, har daga Babban Mutum can bakin iyaka, tsofaffi maza da mata, wasu da sanda, wasu hannuwansu a ɓoye cikin mayafi. Matan da suka shigo cikin gida ba su hau tabarmar da muke kai ba. Bakin ƙofa suka zauna, inda ake tuɓe takalma, alhali ba wanda ya nuna musu wurin. Da aka kawo abinci kowacce ta zaro kwanonta daga jaka ta miƙa a zuba mata. Mutanen da Kawu ya yi wa maganin kuturta ne. Sun warke tun da daɗewa, amma sun saba da bakin ƙofa.

Wadda ta fi ba kowa mamaki a masu gaisuwar ita ce uwar mijina, wadda muke kira Iya. Tsohuwa ce tukuf, ta daina zuwa suna da biki, amma ta sa aka ɗauko ta a babur daga ƙauyensu na ƙasar Zango, ta ce sai an yi sadakar uku za ta koma. Ta zauna a tsakiyar dangi tana ta kuka marar sauti, har Inna ta karkato ta raɗa mini, "Wannan kuma kukan me take yi? Ba ita ce ta taɓa ce masa boka mai Turanci ba?" Ita ce kuwa.

Jikokin Kawu sun san shi a matsayin tsoho mai rediyo, mai faɗa in an bar randa a buɗe. Ina so su san fiye da haka, shi ya sa na zauna rubuta wannan. Iya ta ba ni izinin faɗin nata ɓangaren, da sharaɗin kada in ambaci sunan ƙauyen.

Malamin kutare ake ce wa Kawu, wasu a bayan idonsa, wasu a gabansa. Da keke ya fara aikin, daga baya aka ba shi babur. Yakan shiga ƙauye ya tara mutane a gindin itace, ya duba baya, ya duba damtse, yana neman filin fata da ya koɗe. Kayan aikinsa mafi girma a cikin hularsa yake, ɗan dunƙulen auduga. Sai ya murɗe bakinta ya yi siriri, ya ce ka rufe ido, ya taɓa ka, ya ce ka nuna da yatsa inda ka ji. In ka nuna, ya sallame ka. In ya taɓa filin da ya koɗe ba ka motsa ba, to ka zama nasa, kuma ba zai rabu da kai ba sai ka shanye maganinka. Ya sha bin mutum har gona saboda ya tsallake karɓar maganin wata guda. In an ce masa ya cika naci sai ya ce, "Wanda ya ci ladan kuturu shi zai yi masa aski. Ni na ci, kuma na ƙoshi."

Aikin ya ci masa wani abu da bai taɓa ƙorafi a kai ba. A wurin walima ko ɗaurin aure, in an jera tire ana zama mutum huɗu mutum biyar, shi sai a kawo masa nasa kwanon daban, a ce girmamawa ce. Ya san ba girmamawa ba ce. Yakan nannaɗe hannun riga ya ce, "Alhamdu lillahi, yau ma ba mai riga ni ga tsoka." Inna ce ke jin zafin abin a madadinsa. Akwai gidan da ta daina shiga har matar gidan ta mutu, saboda an taɓa wanke moɗa da toka bayan Kawu ya sha ruwa.

Turancinsa ba mai yawa ba ne, na aiki ne. Amma akwai kalma ɗaya da ya riƙe kamar gado. Yaran yanzu da suka yi boko sun nuna mini yadda ake rubuta ta, freckle, suna dariyar yadda yake faɗa, amma a bakin Kawu firekul ce, kuma a gidanmu haka ta zauna.

A wurin wata Baturiya likita ya samo ta, lokacin yana saurayi a asibitin da aka koya masa aiki. Ya ce matar tun daga goshi har bayan hannu ɗige-ɗige ne masu launin ƙasa, ba masaka tsinke. Ranar da ta fara duba mutane, wani tsoho da ba shi da yatsa ko ɗaya ya janye dungulminsa ya ce ba za ta taɓa shi ba, ta fara warkar da kanta tukuna. Kawu ne ke yin tafinta, ya rasa yadda zai juya mata maganar. Da ta matsa ya faɗa, sai ta yi dariya har da hawaye. Ta miƙa wa Kawu auduga, ta rufe idonta a gaban kowa, ta ce ya gwada ta. Duk inda ya taɓa ta nuna. Ita ce mutum ta farko da ya yi wa gwajin auduga, kuma a ranar ta gaya masa sunan abin da ke jikinta, ta ce a ƙasarsu rabin danginta haka suke.

Bai yarda a yi wasa da kalmar ba. In ɗayanmu ya ga wani tabo ya ce firekul ne, sai Kawu ya ajiye rediyo.

"Zo nan. Yana ƙaiƙayi? To ba shi ba ne. In fari ne yana gari-gari, ƙyasfi ne, a nemi magani. In ramuka ne, zanzana ce. In guda ɗaya ne baƙi tun daga haihuwa, tawadar Allah ce, tana da sunanta, ku bar mata. Firekul ƙanana ne, da yawa suke zuwa, a kwance suke ba sa tasowa. Rana ke fito da su a jikin mai hasken fata. Ba ciwo, ba a ɗauka, ba a yi musu magani domin ba cuta ba ce."

Ya yarda a faɗe ta ga ƙwan zabuwa da ayabar da ta nuna sosai, don ya ce ya ji Baturiyar ta yi haka. Bayan wannan ba ya ɗaga ƙafa. Ya taɓa katse hira da wani malamin makaranta a kan akuya. Malamin ya ce ai dabbare-dabbaren akuya ma ya shiga, Kawu ya ce in an ba akuya, gobe damisa ma za ta zo neman nata.

Dalilin da ya sa kalmar ta yi kaka-gida a wurinmu ni ce. Na ɗauko hasken kakata, mahaifiyarsu Inna da Kawu, wadda uwarta daga Buzaye ta fito, na ɗauko har da ɗigon da ke kan hancinta. Sunanta ma aka sa mini, shi ya sa Kawu bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake cewa. Yara a makarantar allo suna ce mini ƙwan zabuwa. Ranar da na zo masa da kuka ya tambaye ni, tsakanin ƙwan zabuwa da na kaza wanne na fi so a dafa mini. Na ce na zabuwa. Ya ce, "To kukan me kike yi, Uwata?"

Babbar rigimarsa da Inna a kaina aka yi ta. Ana saura 'yan makonni bikina, Inna ta sayo wani man shafawa da aka ce yana share tabo yana ƙara haske. Kawu ya shigo ya tarar da kwalbar a kan taga, ya buɗe ya sansana, ya nufi bayan gida ya juye shi a masai. Inna ta fito da muciya a hannu.

"Yaya, 'yarka ce ko tawa?"

"Uwata ce. Garin neman gira za ki rasa mata ido. Wannan man ƙone fata yake yi."

"Kai ba ka san gidan miji ba. Ƙauye za ta, idon mutanen ƙauye kuwa ba ya tsallake komai."

Ba su ƙara magana ba har Babbar Sallah, sai da ya aiko mata da kan ragonsa. Inna ta haƙura da man, amma ranar kai amarya ta lafta mini hoda har sai da na koma kamar an tsamo ni daga buhun gari. Kowannensu yana da gaskiya, ita ce dai tata ta riga fitowa.

Mijina mai harkar tumaki ne, mutumin kirki, ni na zaɓe shi kuma har gobe ban yi nadama ba. Aibinsa ɗaya, a gaban uwarsa ruwa ne. A birni na tashi cikin inuwar soro, a ƙauye kuwa da kaka kowace mace sai ta fita tsinkar wake da roron gyaɗa. Bayan na haifi 'yata ta fari na fita tare da su, goyo a baya. Rana ta same ni yadda take so. Ɗigon da ke kan hanci ya bazu kumatu, ya gangara wuya, ya cika bayan hannu. Na fara lura in na iso bakin rijiya hira tana mutuwa.

Wata rana da yamma Iya ta zuba mini tuwo a wani tsohon kwano mai ɓantararren baki, ta ajiye shi nesa da na sauran mata. Ta rataya wata moɗa a ƙusa ta ce tawa ce. Wanda ya tashi a ƙasar nan ya san ma'anar raba kwano, ba sai an yi masa bayani ba. Bayan kwana kaɗan ta shigo ɗakina ta ɗauki jaririyar, ta ce nonona ba abin yarda ba ne, za ta riƙe ta da madarar akuya. Ina jin kukan 'yata ta bayan zana, rigata tana jiƙewa, ba ni da ikon tsallakawa. Ban taɓa sanin baƙin ciki irin na waɗannan kwanaki ba.

Shekarun nan ne aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, maza suka koma ɗaukar karatu gadan-gadan. Abin sha'awa ne, sai dai wasu sun ɗauki babi ɗaya sun zata littafin ke nan. Wan mijina yana cikinsu. Ya karanto cewa kuturta da albaras suna cikin aibubbukan da ake warware aure saboda su in an ɓoye, ya kuma tuna hodar Inna. Ya ce ha'inci aka yi musu, a mayar da ni. Allah Ya saka wa limamin ƙauyen da alheri, shi ya ce shari'a ba ta yanke hukunci da zato, a nemo wanda ya san fata. Duk ƙasar kuwa mutum ɗaya aka sani. Mijina ya hau babur ya tafi Daura, wannan ne karo na farko da na ga ya yi abu bai kalli fuskar uwarsa ba.

Kawu ya iso da hantsi cikin farar riga. Aka shigo da shi cikin gida tare da liman da wan mijina, mata suka cika bakin zana. Aka fito da ni. Ya dube ni sau ɗaya ya yi dariya.

"Uwata, a kan wannan aka taso ni? Ai firekul ne."

Iya ta ce, "Mene ne, Malam?"

Ya maimaita, yana ware kalmar dalla-dalla, fuskarsa cike da jin daɗi, kamar wanda ya kawo wa mutane tsaraba.

Iya ta juya ga matan. "Kun ji ko. Ni albaras na zata, ashe abin ya wuce nan. Cutar da ko suna ba ta da shi da Hausa, sai an aro na Nasara. An kawo mana boka mai Turanci ya wanke 'yar ƙanwarsa."

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Lokacin kuwa ana ɗari-ɗari da duk abin da aka ce daga Turai ya fito. Na ga matan da ke kusa da ni sun ja da baya. Kawu, wanda ya yi shekaru yana tattalin kalmar nan, ya ga yau ta juye masa. Daga baya ya ce mini ranar ce ya gane sunan abu ba ya kashe tsoronsa, in mai tsoron bai yarda da mai faɗin sunan ba.

Sai ya cire hula ya zaro audugar. Bai gwada ni da kansa ba, Iya ya miƙa wa.

"Ni kawunta ne, ba a karɓar shaidata. Ke ki gwada."

Ya yi mata bayani a gaban liman: fatar da cutar ta kama ba ta ji. Iya ta ƙi matsowa kusa, sai da aka soka audugar a bakin dogon kara. Wajen karɓa ma audugar ta suɓuce daga yatsunta ta faɗi, aka ɗauko mata, ta sake faɗuwa. Aka ɗaure mini ido da ɗankwali. Ta taɓa kumatu, na nuna. Ta taɓa wuya, na nuna. Ta yi shiru ba ta taɓa ba don ta kama ni, na ce ban ji komai ba. Liman ya ce shi ya gamsu, babu aibi, aure yana nan. Wan mijina ya shiga gyaran hula.

Iya ta jefar da karan. "Ji kam tana ji. Amma jikata ba za ta koma ɗakin nan ba."

Liman ya yi nasiha, ta sunkuyar da kai kamar ta ji, kowa kuwa ya san ba ta ji ba. Ana cikin haka miya ta tafaso a murhu tana zuba. Iya ta je ta kama tukunyar da hannu biyu ta sauke, ba tsumma ba komai. An san ta da wannan, mata har kirari suke yi mata da mai hannun ƙarfe. Kawu yana tsakiyar magana ya yanke. Na ga ya bi hannunta da kallo har ta dawo.

Da aka kawo abinci ya ce a ba shi a kwanona mai ɓantararren baki, muka ci tare. Bai yi wani tasiri ba, na ji wata tana cewa shi ai ya saba. Da zai tafi ya ce yana da 'yar magana da Iya, irin ta surukai. Suka tsaya a gindin rumbu, kowa yana ganinsu, ba mai jin su. Ba su daɗe ba. Kafin magariba Iya ta aiko matar wan mijina da jaririyar, ta ce a mayar wa uwarta. Na rungume 'yata ina kuka tana kuka. Na ɗauka Kawu kotu ya ambata mata.

Iya ta yi makonni ba ta ɗauki yarinyar ba, ko an miƙa mata sai ta ce hannunta da aiki. Na ce a raina gaba ce. Sai kuma ta ɓullo da wata sabuwar ɗabi'a: duk wata sai ta tafi Daura gaida surukai. Inna ta yi ta mita, don a gidan Kawu baƙuwar ke sauka, ita sai dai a leƙo ta a tsaitsaye. Bayan dawowarta daga zuwa na biyu, ina cin tuwo ni kaɗai a gefe, Iya ta zo ta wanke hannu ta zauna, ta sa hannu a kwanona. Ta kai loma ta ce, "Miyar nan ba gishiri." Iyakar abin da ta ce ke nan. Washegari moɗar ta bar kan ƙusa.

A cikin wannan shekarar fatar Iya ta sauya. Ta yi duhu, wani irin baƙi mai ja-ja, ya fi yawa a damtse da gefen fuska. Bakin rijiya ya sake samun abin yi. Ranar da Kawu ya zo ganin jikarsa, mata suka tare shi a tsakar gida da tambaya. Ya dubi Iya daga nesa ya ce da ƙarfi, "Firekul ne, irin na manya. Rana ce. Ba a ɗauka, ba a gudu." A lokacin ƙauyen ya riga ya yarda da kalmar, tun da ga ni, ga mijina, ga 'yata, ba wanda yatsansa ya faɗi. Maganar ta mutu a nan.

Ni ce ban yarda ba. Na raka shi zaure na ce, "Kawu, wannan ba shi ba ne. Kai ka koya mini. Ƙanana ne, a jikin mai haske. Nata faɗinsa ya kai tafin hannu. Akuya ma ka hana ta."

Ya ɗora hularsa yana murmushi. "Uwata, kalmar nan ni na kawo ta garin nan. In na ga dama ina iya ba da aronta."

Na koma ciki ina tunanin tsufa ya fara taɓa Kawu. Shekaru suka wuce a haka. 'Yar da aka raba ni da ita ta girma ta yi aure, da ɗigonta a kan hanci, kuma Iya ce ta hana a shafa mata hoda.

Ranar sadakar uku, bayan an yi addu'a an fara rabon gumba da waina, Iya ta kama gefen zanena ta ja ni inuwar ɗakin Kawu. Ta dubi ƙofar ɗakin.

"'Yar nan, kin san abin da ya ce mini a gindin rumbu?"

Na ce kotu nake zato.

"Cewa ya yi, Iya, tukunyar nan ba ta ƙone ki ba? Na ce ina, ni da na saba. Ya ce in duba. Na duba, ga bororo a yatsa biyu, ban san da shi ba."

Ta ce ta san da abin tun kafin a kawo ni gidan. Wani fili ne a bayan damtsenta da ba ya gumi, sai yatsu suka fara mutuwa. Mahaifiyarta haka ta fara, aka yi mata bukka a bayan gari, a can ta ƙare, ana tura mata abinci da kara. "Da na ga ɗigon fuskarki," in ji ta, "sai na ce gara idon mutane ya tsaya a kanki."

Ba zan ce ban ji zafi ba. Na ji, har sai da na janye zanena daga hannunta. Ta bar ni na janye.

"Na ce masa, Malam, ka rufa mini asiri, ni kuma in mayar mata da 'yarta. Ya ce, Iya, ba ciniki na zo ba. Magani naki ne, kyauta ake ba da shi, ko kin kore ta ko ba ki kore ta ba. Asirinki ma haka, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Jaririyar kuwa ki mayar yau, kada ki sake ɗaukar ta sai kin fara shan magani. Wadda kike tsoron ta sa mata cuta ba ita ce mai cutar ba."

Duk wata Kawu ke raka ta wurin wani da ya koya wa aiki, ta haɗiyi maganin farko a gabansu, ta ƙulle sauran a bakin zane. Maganin ne ya baƙanta mata fata, ya gaya mata tun farko zai yi haka kuma zai washe. Ko Inna bai gaya wa ba. Ko ni, da aka yi wa abin, bai gaya mini ba, ya gwammace in ɗauka ya rikice.

"Kwanonki kuwa," ta ce, "bai ce in ci ba. Bai taɓa ambata shi ba. Ni ce na kasa haɗa ido da shi."

Ta buɗe hannuwanta a kan cinya. Yatsu goma cif, ɗan ƙaramin na hagu ne kawai ya ɗan lanƙwashe. Na tsaya ina kallon su. Hannuwan da suka ɗauke mini 'ya ne, su ne kuma suka yi mini wankan jego na sauran haihuwata duka.

"Abu ɗaya nake so ki gaya mini," ta ce. "Kalmar nan tasa. Shekara da shekaru ina amsa ta, har yau ban san ainihin abin da take nufi ba."

Na gaya mata kamar yadda ya gaya mana. Ƙananan ɗigo masu launin ƙasa, rana ke fito da su a jikin mai hasken fata, ba ciwo, ba a ɗauka, ba a yi musu magani domin ba cuta ba ce.

Ta gyaɗa kai. "Ashe ni ban taɓa yin sa ba."

"Ba ki taɓa ba, Iya. Aro aka ba ki."

Sannan ta dafa kafaɗata ta miƙe, muka koma tsakar gida. An ajiye mata wainarta a kan tabarmar dangi, kusa da Inna. Ta sunkuya ta ɗauki kwanon, ta wuce tabarmar, ta wuce Inna da ke bin ta da kallo, ta nufi bakin ƙofa inda matan nan da Kawu ya yi wa magani suke zaune a cikin takalma. Ta zauna a ƙasa a tsakaninsu ta ajiye kwanon a tsakiya. Wadda ke kusa da ita, wata tsohuwa daga Babban Mutum, ta ja jiki gefe don ta ba ta wuri, ta tura hannunta cikin mayafi.

Iya ta kamo hannun ta fito da shi. "Matso, 'yar'uwa, sa hannu. Malaminmu ɗaya."

Na ɗauko nawa kwanon na bi su. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka makwancinsa, Ya rufa masa asiri a ranar da ake tone na kowa, kamar yadda ya rufa na mutane ya tafi da shi bai gaya wa ko ƙanwarsa ba.